GANI YA KORI JI: YADDA BAKIN JAMA'A KE SHIGA KUNNEN MAI SAYEN EKUTER A DAKORO

Garin Dakoro yana arewacin jahar Maraɗi, wajen kilomita 120 daga birnin Maraɗi. Tun daga shekarar 1947, lokacin da Faransawa suka kafa bariki a wurin, garin ya zama mahaɗar manoma da makiyaya, inda Bahaushe da Bafillace da Ba'abzine suke cuɗanya a kasuwa ɗaya. Hatsi da dabbobi su ne jigon cinikin wannan yanki, amma a ƴan shekarun nan wata ƴar ƙaramar haja ta samu wurin zama a teburan masu sayar da kayan salula da na masu cajin waya. Hajar ita ce ɗan abin sauraren nan da ake sawa a kunne, wanda jama'ar ƙasar nan suke kira ekuter, maƙwabta na Najeriya kuwa suna ce masa iyafis. Akwai ƙarami mai shiga ramin kunne, akwai babba mai rufe kunnuwa biyu, akwai mai igiya, akwai marar igiya.

Dalilin yaɗuwarsa a bayyane yake. Wayoyin salula da yawa ba sa kama tashar FM sai an soka musu igiyar ekuter, domin igiyar ce ke zame musu eriya. Wanda bai iya karatu ba yana aika saƙon murya yana karɓa, kuma ba kowane saƙo ne mutum ke so a ji a bainar jama'a ba. Makiyayi a bayan garke, ɗalibi mai bitar karatu, ɗan kabu-kabu mai jiran fasinja a bakin tasha, kowa da abin da yake saurare.

To, yaya mai saye yake rarrabe mai kyau da marar kyau? In an tambaye shi, zai ce kunnensa ne alƙali. Amma binciken da masana suka yi shekara da shekaru ya nuna cewa wannan alƙali ba ya zaman shari'a shi kaɗai. Kafin sauti ya iso gabansa, maganar aboki da sunan kamfani da yawan kuɗin da aka biya sun riga sun kai masa gaisuwa. Ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake faruwa, domin abin da ake hasara a ciki ya haɗa da kuɗin aljihu da lafiyar kunne.

DAGA SAURARE TARE ZUWA SAURARE KAI KAƊAI

Ekuter irin na zamani ya samo asali daga Amurka. A shekarar 1910 wani mutum mai suna Nathaniel Baldwin ya haɗa shi da hannu a ɗakin girkin gidansa a jahar Utah, sojojin ruwan ƙasar suka saya domin masu aikin sadarwa. A 1958 John Koss ya fito da wanda aka yi musamman domin jin kiɗa. Sa'an nan a 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, ɗan akwatin kaset da ake ratayawa a jiki, wanda ya mai da saurare a kunne ruwan dare gama duniya.

A Nijar kuwa, sauraren rediyo ya fara ne a matsayin aikin taro. An buɗe gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1958, wanda aka sa wa suna Muryar Sahel a 1974. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen gari ke taruwa gaban akwati ɗaya su saurari shiri, bayan nan mai jagora, wanda sau da yawa mushen lakwal ne, ya buɗe mahawara, ya naɗi muryoyinsu ya aika da su Yamai. Duk wanda ya taɓa zama a taron gari ya san wata al'ada: in babba ya riga kowa magana, saura sai gyaɗa kai, ko da kuwa akwai wanda ya ji abin daban.

Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, daga baya ta kai ƙauyuka da ruga. Yanzu kowa yana da rediyonsa a aljihu, yana saurare shi kaɗai. Sai dai hukuncin da ake yanke wa sauti har yanzu a taro ake yanke shi. Taron na yau shi ne fada, inda samari ke zama ana dafa shayi. Wani ya zo da sabon ekuter, a riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu. Wanda ya fi kowa faɗa-a-ji ya sa a kunne, ya lumshe ido, ya ce wannan ai ba dama. Daga nan duk wanda ya karɓa zai ji daɗin da aka ce akwai. In kuwa ya yatsine fuska ya ce jabu ne, to mai shi ma kafin a sha shayi na biyu ya fara jin wata ƙara da bai ji ba da safe.

KUNNE YANA DA ABOKAN SHAWARA

Kada a ɗauka waɗannan samari ƙarya suke yi. Kunne yana ɗaukar girgizar iska ne kawai. Ƙwaƙwalwa ce ke mai da ita magana ko kiɗa, kuma tana yin wannan aiki da taimakon abin da ido ya gani da abin da aka riga aka faɗa mata.

A shekarar 1976 wasu masana biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, suka nuna haka a fili. Suka ɗauki hoton majigi na wata mace tana faɗin "ga", suka ɗora masa muryar da ke faɗin "ba". Mafi yawan manyan da suka kalla suka ce "da" suka ji. In sun rufe ido sai su ji "ba" sarai, in sun buɗe sai "da" ta komo. Hausawa sun ce gani ya kori ji, suna nufin shaidar ido ta fi labari. A wannan gwaji karin maganar ta tabbata ta wata fuska, domin ido ne ya kori abin da ya shiga kunne da gaske.

Ƴan kasuwa sun daɗe da sanin wannan sirri. Daga 1915 kamfanin Thomas Edison ya riƙa shirya taruka a biranen Amurka domin tallar garmahonsa. Ana sanar da jama'a tun da farko cewa ba za su iya rarrabe muryar mutum da ta akwati ba. Mawaƙiya ta tsaya kusa da garmaho tana rerawa tare da faifanta, a kashe fitilu, ta sulale ta fita, in an kunna sai a ga ashe akwatin ne kaɗai ke waƙa. Mutane suka riƙa fita suna shaida cewa babu bambanci. Daga baya aka san cewa mawaƙan kan daidaita muryarsu da ta akwatin. Yau ko yaro ya ji irin waɗannan fayafayai zai ji ƙarar allura da shaƙewar murya. Kunnuwan mutanen wancan zamani lafiyarsu lau. Abin da aka gaya musu za su ji, shi suka ji.

Akwai kuma wani rauni na ƙwaƙwalwa. Ba ta riƙe ainihin kamannin sauti sai na ƴan daƙiƙoƙi. Kafin mutum ya zare ekuter ɗaya, ya warware igiyar na biyu, ya soka, ya nemo waƙar, sautin farko ya riga ya dushe, abin da ya rage sai bayaninsa da kalmomi. A wannan giɓi ne maganar mai tebur ko ta aboki take shiga ta zauna.

SARKIN YAWA YA FI SARKIN ƘARFI

Ƙarfin bakin jama'a ma an auna shi. Tun daga 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya yi wani gwaji mai sauƙi. Ya zaunar da ɗalibai a jere, ya nuna musu layi ɗaya a kati, da wasu layuka uku a wani kati, ya ce kowa ya faɗi wanda ya yi daidai da na farko a tsawo. Amsar a fili take. Amma duk waɗanda ke ɗakin an haɗa baki da su su faɗi amsar kuskure, ban da mutum ɗaya da bai san dawan garin ba, wanda aka sa ya yi magana kusan ƙarshe. Wajen kashi 37 cikin 100 na amsoshin irin waɗannan mutane sun bi kuskuren jama'a, kuma mutum uku cikin huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Waɗanda aka gwada su kaɗai kuwa, kuskurensu bai kai ɗaya cikin 100 ba. Asch ya gano wani abu kuma: in aka sami mutum ɗaya tak a cikin taron da ya faɗi gaskiya, bin kuskuren yana raguwa ƙwarai. In har jama'a za su iya karkatar da mutum a kan tsawon layin da ke gaban idonsa, ina ga daɗin sauti, wanda ba shi da ma'aunin da ake gani?

A 2006 aka gwada wannan a kan kiɗa. Masana uku na Jami'ar Columbia a birnin New York, watau Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts, suka tara masu saurare 14,341, suka ba su waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba. Rukuni ɗaya ya saurara ba tare da sanin zaɓin kowa ba. Saura aka raba su gida takwas, kowane gida yana ganin yawan waɗanda suka ɗauki kowace waƙa a cikin gidansu. Sai waƙar da ta yi fice a wannan gida ta koma baya a wancan, gwargwadon abin da waɗanda suka fara zuwa suka zaɓa. Waƙoƙi mafi kyau ba safai suke faɗuwa ƙasa ba, mafi muni ba safai suke hawa sama ba, amma duk abin da ke tsakani sa'a ce da bakin na gaba. Haka abin yake ga ekuter a gari kamar Dakoro: samfurin da manyan fada suka fara yabo shi ne zai ƙare a tebur, na kusa da shi kuwa ya kwana cikin ƙura, ko da a masana'anta ɗaya aka ƙera su.

SUNA DA TSADA

Masu ƙera kayan sauti su ma sun gwada kansu. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive, masu bincike a kamfanin Harman na Amurka, suka tara ma'aikatan kamfanin 40, suka sa su auna lasifika iri huɗu. Da farko an saurara a bayan labule, sa'an nan aka yaye labulen aka faɗi suna da farashi. Da ido ya gani, sai makin manyan lasifika masu tsada da ƙyalli ya tashi, na ƙaramin mai araha ya sauka. Abin lura shi ne ƙwararrun cikinsu ba su tsira ba. Har wa yau, a bayan labule mutanen sun ji bambanci in aka sauya wa lasifika wuri a cikin ɗaki, amma da suna kallo wannan bambanci na gaskiya ya kusan ɓace musu, domin hukuncinsu ya riga ya manne wa suna.

Gwada ekuter a ɓoye ya fi wuya, tun da kunne yana jin nauyinsa da siffarsa. Saboda haka masu binciken kamfanin suka ƙirƙiro dabara: su auna sautin kowane samfuri da na'ura, sa'an nan su sa ekuter guda ɗaya ya kwaikwayi kowanne bi da bi. A sakamakon da suka bayar a 2018 kan samfuri 31, dangantakar farashi da abin da masu saurare suka fi so ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Mai karatu na iya cewa kamfanin ai mai kaya ne, yana da nasa buƙatar. Gaskiya ne. Amma a 2017 wani masani daban, Jeroen Breebaart, ya duba awon ekuter 283, masu araha da masu tsada, ya buga a mujallar ƙungiyar masanan sauti ta Amurka cewa bai sami dangantaka tsakanin farashi da yadda suke fitar da sautin ƙasa da na sama ba.

Wannan ba ya nufin duk ekuter ɗaya ne, ko kuwa tsada banza ce. Kuɗi na iya sayen igiya mai ƙarko, batir mai daɗewa, da laushi a kunne. Abin da binciken ya nuna shi ne farashi ba shaida ba ne a kan daɗin sauti. A kasuwannin yankin nan kuma akwai ƙarin matsala. Kayan suna biyowa ta Maraɗi, wasu daga Kano, asalin mafi yawansu daga ƙasar Sin, kuma a cikinsu akwai na gaske akwai jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. Wanda ya sayi suna a kan kwali yana iya yi wa rogo kallon kitse, kuma muddin bai sani ba, kunnensa zai ci gaba da ba shi shaidar kitse.

KOWA DA KIWON DA YA KARƁE SHI

Ko aboki ya faɗi iyakar gaskiyarsa, ba lalle ta zama gaskiyar wani ba. Kunnen matashi mai lafiya yana jin girgizar iska daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Da shekaru suka ja, siraran sautuka na sama su ne ke fara ɓacewa, saboda haka abin da saurayi ya ce yana tsira masa kunne, dattijo na iya cewa a nan ne magana ta fito masa fes. Ramin kunne ma kowa da faɗin nasa. Ƙaramin ekuter in bai toshe ramin sosai ba, kaurin sautin, wanda samari ke kira bas, sai ya zube. Ekuter guda zai yi wa wannan gumza, ya yi wa wancan ƙarar gwangwani, kuma dukansu sun yi gaskiya.

Ra'ayi kuma riga ne. A wani bincike da masanan Harman suka bayar a 2019, kashi 64 cikin 100 na masu saurare sun fi son sauti madaidaici, kashi 15 sun fi son a ƙara bas, kashi 21 kuwa sun fi son a rage shi. Masu son ƙarin bas sun fi yawa cikin matasa maza, masu son ragi kuwa cikin mata da manya. A fada, waɗancan ƴan kaɗan su ne suka fi ɗaga murya, har a ɗauka ra'ayinsu shi ne na kowa. Alhali malamin asibiti mai jin labaran rana, ko uwargida mai sauraren saƙon ɗanta daga ci-rani, abin da suke buƙata shi ne murya ta fito sarai. Bas mai yawa yana danne muryar ne.

ABIN DA AKE HASARA

Hasara ta farko ta aljihu ce. A yankin da damina ɗaya ke ciyar da gida shekara, jika biyu ko uku da aka ƙara a kan suna kawai tiyoyin hatsi ne suka tafi. Wani kuma yana da ekuter mai aiki lafiya, amma saboda an yi masa dariya a fada sai ya jefar ya ci bashi ya sayi wanda ake yayi.

Hasara ta biyu ta fi muni, domin ba ta da mayarwa. Tun 1933 masana biyu na Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa in sauti ya yi ƙasa kunne ba ya kama kaurinsa da siririnsa sosai, in an ƙara ƙarfi sai su fito. Shi ya sa in aka gwada ekuter biyu, wanda ya ɗan fi ƙara shi ne ke zama kamar ya fi kyau. Mai tebur da ya murɗa ƙarfi kafin ya miƙa wa mai saye ya san abin da yake yi. Daga nan ra'ayin "mai ƙarfi shi ne mai kyau" ya zauna a bakin jama'a, yaro ya gaje shi daga wansa.

A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi, wajen 16,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar sauti. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka fi sani da OMS, ta ce matasa wajen biliyan 1.1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare. A 2019 ita da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar da ƙa'ida: babba kada ya wuce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, yaro kuwa desibel 75. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100, wanda wayoyi da yawa ke iya kaiwa in an ƙure su, abin da kunne zai ɗauka lafiya wajen minti 20 ne a mako guda. Shawarar hukumar ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya. Wanda ya zare ekuter ya ji kunnensa yana kuka kamar gyare, ko kuwa na kusa da shi yana jin abin da yake saurare, to ya wuce gona da iri. Ɗan kabu-kabu da ya toshe kunnuwa biyu a kan hanya kuwa, ransa da na fasinja ya sa a caca.

GWAJIN DA KOWA ZAI IYA YI

Maganin da masana suka samo shi ne a rufe wa alƙali ƙofar gaisuwa. Ba ya buƙatar na'ura, sai aboki amintacce da takarda da alƙalami.

Na farko, a yi amfani da waya ɗaya da abin saurare ɗaya wanda mutum ya sani sarai. A haɗa da magana zalla, kamar labaran rediyo, a lura ko ana rarrabe "kafa" da "ƙafa", "bari" da "ɓari", "sara" da "tsara". A haɗa kuma da kiɗan da aka saba ji a fili, kamar kalangun makaɗan Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, domin kunnen da ya san kalangu a dandali ba ya ruɗuwa da kalangun da ya koma tulu.

Na biyu, a daidaita ƙarfi. Ekuter biyu ba sa ba da ƙara ɗaya ko da maɓallin waya yana wuri ɗaya, saboda haka aboki ya rage wa mai ƙarfin har su zo daidai, ya riƙe alamar kowanne.

Na uku, mai gwaji ya rufe ido da rawani ko mayafi, aboki ya goge kan ekuter da tsabta ya sa masa, ba tare da ya faɗi suna ko farashi ba, ba tari ba gyaran murya. A sauya da sauri, a kan gaɓa ɗaya ta waƙar. In siffarsu ta bambanta har kunne na gane su da taɓi, gwajin ya ragu, amma ɓoye farashi kaɗai ma riba ce.

Na huɗu, a maimaita sau 10, aboki yana jefa kwabo domin sanin wanda zai fara sawa. Wanda ya zaɓi ekuter guda sau 9 ko 10, lalle ya ji bambanci, domin a yi dacen haka da ka abu ne da ke faruwa wajen sau biyu cikin 100. Wanda ya zaɓe shi sau 5 ko 6 kuwa, canke yake yi, sai ya sayi mai arahar ya mai da sauran kuɗinsa gida.

Na biyar, in mutane da yawa ne ke gwadawa, kowa ya rubuta zaɓinsa a takarda ya ninke kafin wani ya buɗe baki, babba kuma ya yi magana a ƙarshe. A nan waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suke da makami a hannu, domin abin da aka rubuta ba ya sauya launi saboda wani ya yatsine fuska. Ma'aikatan hukuma da ake ɗora wa sayen kayan sauti na makaranta ko na gidan rediyon gari su ma wannan hanya ta shafe su, tun da kuɗin jama'a ne a hannunsu: a rufe suna, a ɓoye farashi, kowa ya rubuta, shugaba ya jira.

INDA SHAWARA TAKE DA AMFANI

Ba a ce a yi watsi da maganar mutane ba. Akwai abubuwan da kunne ba zai gane a minti biyar a bakin tebur ba, waɗanda sai wanda ya riƙe kayan wata da watanni. Wane samfuri ne igiyarsa ke tsinkewa a wuya? Wane ne ke jure ƙura da zafin bazara? Wane ne batirinsa ke kai yini, a garin da caji ma sai an biya? Wane mai tebur ne ke karɓar kaya in sun lalace? A kan waɗannan, mai gyaran waya da ya ga matattun ekuter iri-iri ya fi kowa sani, kuma tambayarsa hankali ne.

Amma daɗin sauti da fitowar murya, waɗannan na mai kunne ne, kuma ba a aron kunne kamar yadda ake aron garma. Ya kamata malaman makarantu da na yaƙi da jahilci da ma'aikatan lafiya na gundumar Dakoro su riƙa jawo hankalin matasa a kan haka, musamman ranar 3 ga Maris ta kowace shekara, wadda OMS ta keɓe domin kula da ji. Mai saye ya tambayi jama'a ƙarko, ya rufe ido ya tambayi kunnensa daɗi, sa'an nan ya rage ƙarfi, domin wannan kunnen ne zai ji kiran jikokinsa da shi.